Allurar Naƙuda

Haihuwa tara na yi, ba wanda ya taɓa jin muryata ko a guda. Haka matan gidanmu suke tun kakanninmu da suka taso daga Sakkwato suka yada zango a bakin kogin nan, a ƙasar Larabawa. Mace ta ji ciwo, sai ta ƙarasa abin da ke hannunta, ta share bayan ɗaki, ta durƙusa. Sai jariri ya yi kuka sannan a aika wa ungozoma ta zo ta yanke cibi. Larabawan da muke maƙwabtaka da su suna mamakinmu, mu kuwa muna yi musu dariya, don tasu in tana naƙuda har masu ban ruwa a gona sai sun sani. Na yi alfahari da wannan abu shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba.

'Yata ta fari kuwa ba na faɗin sunanta, saboda kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ɗakin Yaya Maijidda, yayar mijina, wadda muke gida ɗaya da ita. A can ta girma, ina ganinta tana ganina, ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan yi zancenta sai in ce "yarinyar can". Da ta auri Hisham sai na sami sauƙi, ta koma "matar Hisham". Abu ɗaya tak na taɓa zaunar da ita na koya mata da bakina, lokacin cikinta na fari. Ina kallon bango na ce mata, "Ɗiyar gidan ga ba ta kuka wurin haihuwa, ba ta kuma tara mutane."

Ta kuwa riƙe maganar da hannu biyu. Faya ta fashe mata, ta wuni ta kwana da abinta ba ta gaya wa kowa ba, washegari ta haifi namiji ita kaɗai. Yaya Maijidda ta bi gida-gida tana ba da labari, ni kuwa a ciki kaina ya kumbura. Bayan kwana ɗaya yaron ya ƙi mama. Sai wani ɗan nishi a kowane numfashi, jikinsa ya yi zafi, ya dawo ya yi sanyi. Muka ce iska ce, muka yi hayaƙi, muka yi tofi. A rana ta uku muka ɗauke shi za mu asibiti a Sinnar, ya cika a hannuna tun ba mu hango madatsar ruwa ba. Muka dawo muka tarar da ragon sunansa a turke yana cin harawa.

Bayan shekara biyu ta sake samun ciki. Da wata na tara ya kama, Hisham ya bugo waya daga Wad Madani, inda yake aikin gini, ya ce lallai a kai ta awo. Ni na raka ta, ina tafe a gaba tana biye, kamar ba tare muke ba. Muka sami wata diktora mai suna Abrar, 'yar firit da ita, wadda da a hanya na gan ta sai in aike ta sayen gishiri. Ta yi ta tambaya a kan yaron da ya rasu har na ƙosa. Daga nan ta sa wani ɗan tsinke mai auduga ta lakato daga ƙasan jikin yarinyar, ta ce mu dawo bayan kwana uku.

Da muka koma, ta yi mana bayani da Larabci. Ta ce, "An sami ƙwayar cuta a jikinta."

Nan take raina ya ɓaci. Na ce, "Ƙazanta kike nufi? A gidanmu?"

Ta ce, "Ba ƙazanta ba ce, Hajja, ba kuma daga mijinta ta samo ba. Mata da yawa suna ɗauke da ita, ba ta yi musu komai. Jariri ne yake kwasa in ya biyo hanya, balle in faya ta daɗe da fashewa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa a baya. Na tambaye ta ko abin da ya kashe na farin ke nan. Ta ce Allah ne masani, tunda ba a gwada shi ba, amma alamun da muka faɗa sun yi kama. Na ce to ta ba ta magani ta sha yau mu huta. Ta girgiza kai, ta ce in ta sha yau, kafin ranar haihuwa ƙwayar ta dawo. Allura ce ta jijiya, ranar naƙuda ake ɗaura ta, kuma tana son sa'a huɗu a jiki kafin jariri ya fito.

Ta ce, "Da ta ji ciwo, ko ta ga ruwa, ku taho. Kada ku jira komai." Ta juya wajen yarinyar. "Kin ji, Zamzam? Da kin ji ciwo ki faɗa."

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. A nan na gane inda gizo yake saƙa. Ƙwayar da sauƙi, tunda tana da allura. Abin da na zuba mata a kunne da bakina shi ne ba shi da allura. Diktora ta rubuta wani abu da jan alƙalami a katin awo, na karɓe shi tun yarinyar ba ta miƙa hannu ba, na ƙulle a bakin mayafina.

Ta dawo gidanmu goyon ciki, ni kuma zama ya ƙare mini. In na zauna tuyar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, idona yana kanta, har ta ƙone. In ta shiga bayi ta daɗe, ina ƙofa ina gyaran murya. In ta kwanta da rana, sai in ƙirƙiro neman allurar ɗinki a ɗakin. Ga shi ba zan iya duban tsabar idonta in ce mata, abin nan da na koya miki ki zubar ba. Sai dai in tsaya kan tukunya ina juya miya in ce, "Wasu mutane dai in sun ji ciwo su hwaɗi, ba a ba da kyauta don dauriya."

Ita ma sai ta ba tukunyar amsa. "Wasu mutane lahiyarsu lau."

Yaya Maijidda kuwa abin nema ya samu. Tana kan angarib ɗinta, gadon igiya, tana hura jabana, gahawar nan tata mai citta, ta ce, "Hauwa, mi as same ki? Kin zama kaza mai kwanci. Ɗiyar hari kike bi da ido haka, ba kunya?"

Na ce, "Diktora ta ce sa'a huɗu, Yaya."

Ta ce, "Diktora ta haihi nawa? Mu da munka haihu, wa ya ƙirga muna sa'a? Wancan kwanansa ne ya ƙare, shi ke nan."

Ban musa mata ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma a hannuna ya ƙare, ba a nata ba, ni na san nauyinsa da ya canja.

Sai kuma na yi abin da ya ɓata komai. Wata Talata na ga yarinyar ta dafe ƙugu ta cije leɓe a bakin rijiya. Ban tambaya ba, na fita ba takalmi na kirawo Ayman mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, wanda shi kaɗai ke da abin hawa a unguwarmu. Ya shigo da rakshar har ƙofar gida, mata suka firfito, ashe ƙaya ce ta soke ta a dunduniya. Kwana biyu ana yi mana dariya. Ko'ina ta gilma sai wata ta ce, "Zamzam, yau ba ƙaya?" Ta daina fita. Ta daina ko da yamutsa fuska a gabana, in ma ɗan ya motsa sai ta juya mini baya. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ranar Juma'a da hantsi aka aiko cewa wata tsohuwa a ƙarshen gari ba ta da lafiya, dole na je dubiya. Na bar ta ɗaure da koren zanenta da ta wanke jiya, tana yanka kuɓewa za ta shanya. Zaman dubiyar nan kamar a kan ƙaya na yi shi. Ana miƙo mini shayi ina cewa na ƙoshi, ana ba ni labarin ciwo ina kallon ƙofa. Rana ta take tsaka sannan na samu na zame.

Ina shigowa gida, abin da na fara gani shi ne koren zanen a kan igiya, yana ɗiga. Wa ke wanke zanen da aka wanke jiya? Na zagaya bayan ɗaki, na tarar an share tas, an barbaɗa sabon yashi. Na san wannan sharar, ni ma na yi ta sau tara. Ita kuma tana tsaye ta jingina da bango, tire a hannu, tana ta yankan kuɓewar da ta riga ta yanku. Gumi ya taru mata a kan hanci.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ba komi, Inna."

Na ce, "Ke! Tun yaushe ruwan ya zuba?"

Ciwon ya zo ya wuce, na ga yatsunta sun danne bakin tiren har sun yi fari. Sannan ta ce, "Kina hita. Na ce in bari a sauko masallaci, kada a sake tara min mutane."

Yaya Maijidda ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ki bar ɗiyar ga ta haihu da mutuncinta, Hauwa. Ayman ma shina masallaci."

Shekara ashirin da biyar ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba. Ranar na ce, "Mutuncin ga na binne shi sau guda, Yaya, ba ni sakewa."

Masallacin Juma'a ya cika har waje, maza sun shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro suna jiran liman. Mace ba ta bi ta nan a irin wannan lokaci, ko akuya ta ɓace mata. Na tsaya a bakin tabarmi, mayafi ya zame, na buɗe maƙogwaron da bai taɓa buɗewa ba.

"Ayman! Ayman! Naƙuda ce, tashi!"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Na hango mijina a sahun gaba ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wani ya ce, "Ya Hajja, ko dai ƙaya ce?" Aka yi 'yar dariya. Ayman dai, Allah ya yi masa albarka, ya kalli fuskata sau ɗaya ya suri takalmansa.

Hanyar Sinnar ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. In rakshar ta faɗa rami sai in ce ya yi a hankali, kada ya zazzago mana ɗan. In ya rage gudu sai in ce, "Yalla mana, jaki kake tuƙi?" Har ya ce, "Hajja, zaɓi guda." Ita kuwa tana zaune zam, ta riƙe ƙarfe, kamar mai zuwa biki. Da muka zo daidai inda na farin ya cika, na kau da kai, na lura ita ma ta kau da nata.

A asibiti, matar da ke rubuta sunaye ta ce, "Sunanta?" Na kwance katin na tura mata, ta kwafa ba ta ko duba jan rubutun ba, ta ce mu zauna a benci. Mata uku ne a gabanmu, kowacce tana ihu tana kiran uwarta, ungozomomi suna ta kansu. Tamu ta zauna ta haɗa gwiwa ta rufe fuska. Wata ungozoma mai ƙiba ta wuce, ta dube ta, ta ce, "Wannan da saura, ku jira." A wurinsu wadda ba ta ihu ba ta fara ba. Agogon bango ya ce biyu saura kwata, ya ce biyu.

Na miƙe na bi ungozomar har cikin ɗaki, na sha gabanta, na manna mata katin a fuska. Na ce da Larabcina na kasuwa, "Karanta jan! Faya ta fashe tun hantsi. Mu Hausawa ne, ba ma kuka. In kina jiran ta yi ihu, sai dai ki ji na jariri." Ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, idonta ya sauka a kan rubutun, sai ta rufe. Kafin ka ce kwabo an kwantar da ita, an duba ta, ungozomar ta ce, "La ilaha illallah, ta wuce rabi!" Aka nemo jijiya, aka rataya 'yar kwalba. Na kalli agogo, biyu da kwata.

Sa'a huɗun ba za su cika ba sai shida da kwata ke nan. Na ƙirga da yatsu har sau uku.

Ban taɓa jin uwar da ta roƙi Allah ya tsawaita wa 'yarta naƙuda ba sai ni. Ina kai da komowa a baranda ina cewa, ya Rabbi ka riƙe shi, kada ya fito yanzu, sannan in tuna ciwon da nake roƙar mata in ji kunyar kaina. Na yi la'asar, ban san raka'a nawa na yi ba. Hisham ya bugo ya fi sau goma yana hanya, na ƙarshe na ce masa in ya sake bugowa zan jefa wayar a kogi. Ƙarfe huɗu. Biyar saura. Agogon nan na rantse wani yake riƙe masa hannu.

Wajen biyar da rabi ungozomar ta fito ta ce, "Hajja, zo ki yi wa 'yarki magana. Ba ta gaya mana komai, ba mu san inda take ba, ga shi tana riƙe numfashi." A ƙa'ida ba a barin kowa ya shiga, amma ta gaji da mu duka biyun.

Na same ta ta cusa bakin mayafi a baki ta datse. Leɓenta ya fashe, jini ya ɓata mayafin. Idanunta sun yi ja, hawaye na bin gefen kunne, amma ko nishi babu. Tana ganina ta ƙara datsewa, wai kada ta ba ni kunya. Wallahi ban taɓa jin tsanar kaina irin ta lokacin ba.

Na ce, "Ke, saki."

Ba ta saki ba.

Na ce, "Yarinyar ga, saki mana."

Ta rufe ido. Na kama hannunta, wanda ba allura, hannun da rabona da riƙe shi tun tana tatata. Na sunkuya daidai kunnenta.

"Zamzam. Zamzam, ɗiyata, yi kuka. Ƙarya na hwaɗa miki."

Ta buɗe ido ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Na zare mayafin daga bakinta. Sai ta saki wata ƙara da na tabbata an ji ta har bakin titi, ta sake, ta sake, tana faɗin inda ke mata ciwo da Hausa da Larabci. Ungozoma ta ce, "Yawwa, yanzu muka san inda muke." Ni kuma ina riƙe da hannun, ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan agogo.

Shida da kwata suka sauya kwalba, suka rataya ta biyu. Sai a lokacin na zauna a ƙasa. Ana kiran magariba ta haifi mace, mai buɗe maƙogwaro kamar yadda kakarta ta yi a masallaci.

Diktora Abrar ta zo da safe ta ce allura ta samu lokacinta, amma za su riƙe mu kwana biyu suna duba zafin jikin jaririyar da numfashinta. Na ce su riƙe mu uku. Ban yarda da kowa ba, ni nake kasa kunne a ƙirjinta ina neman nishin nan da na sani. In ta yi barci in tashe ta, in ta yi kuka in ce alhamdulillahi. Yaya Maijidda ta zo da kunun kanwa a kwano, ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana kallo, ba ta ce komai a kan mutunci ba, ni ma ban tayar ba.

Rana ta uku da hantsi, daidai lokacin da muka fita da na farin, jaririyar tana kan mama tana zuƙa har ana jin haɗiyarta. Muna mu biyu a ɗakin. Uwar ba ta ɗago kai ba, ta yi magana kamar da kwanon kunu take.

"Ashe wasu mutane sun san shi."

Na ce, "Sun san mi?"

Ta ce, "Sunan."

Na so in ce ta sha kununta kafin ya huce. Na kalli bango, bangon bai taimake ni ba, sai na juyo na dube ta.

Na ce, "Ni na roƙi babanki ya sa miki shi. Kakanninmu Makka sunka nuhwa, sunka tsaya nan ba su kai ga ruwan ba. Na ce to bari ruwan shi zo gida."

Hawayenta ya ɗiga a kan jaririyar, ta sa yatsa ta share. Sannan ta ce, "Sake hwaɗi, Inna."

Na leƙa baranda na ga ba kowa, na jawo ƙofa, na faɗa mata shi har sau uku.